Maganin tsoron asibiti ga kyanwa da kare: ina ruwanka da wannan labari?

A watan Nuwamban 2023, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da wani magani mai suna Bonqat. Ruwa ne da ake ɗura wa kyanwa a baki kafin a ɗauke ta zuwa asibitin dabbobi, domin ya rage mata firgicin tafiya da na hannun likita. Kamfanin Orion na ƙasar Finlan ne ya haɗa shi, kuma Tarayyar Turai ta riga Amurka amincewa da shi tun a 2021.

Na san abin da zai fara zuwa maka a rai. Mutum yana neman kuɗin maganin hawan jinin mahaifiyarsa bai samu ba, wa zai tsaya sauraron labarin damuwar kyanwa? Kana da gaskiyarka. Amma ka ɗan yi haƙuri ka karanta, domin sinadarin da ke cikin wannan kwalba ba baƙo ba ne a gidajenmu. Firegabalin ne, wanda a jikin kwali ake rubuta shi pregabalin, wasu kuma suka fi saninsa da Lyrica. Shi ne muke rubuta wa mai ciwon suga da ƙafarsa ke zugi da daddare, da mai farfaɗiya, da mai ciwon jijiya. Shi ne kuma wasu matasa ke sha don maye. Ko da kwalbar Bonqat ba ta taɓa zuwa garinku ba, abin da ke cikinta yana kemis ɗin unguwa, wataƙila ma yana cikin durowar ɗakinka. Kuma labari irin wannan yana saurin yawo a waya fiye da gargaɗin da ke tare da shi.

Tsoron dabba matsalar lafiya ce

Idan ka taɓa zuwa awon jini gabanka na faɗuwa, ka san yadda abin yake. Muna ganin mutanen da jininsu ke daidai a gida, amma da zarar sun zauna gaban likita sai awo ya haura. Shi ya sa muke cewa mutum ya zauna ya huta kafin a ɗaura masa abin awo, wani lokaci ma mu ce ya riƙa aunawa a gida yana rubutawa.

Abin da ke faruwa da kyanwa ke nan, har ma ya fi. Tsoro yana sa jiki ya saki sinadaran da ke shirya shi faɗa ko gudu. Zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, numfashi ya yi sauri, suga ya ƙaru a jini. Sugan kyanwa mai firgici yana iya hauhawa har ya yi kama da na mai ciwon suga, alhali lafiyarta ƙalau. Likitan da ke duba ta a wannan hali zai ga alƙaluman da ba na gaskiya ba, idan ma ta bari ya taɓa ta.

Sai matsala ta biyu, wadda ta fi kusa da kai. Dabbar da ta firgita tana cizo da yaƙushi, kuma hannun da ya fi kusa da bakinta shi ne na mai riƙe da ita. Haƙorin kyanwa siriri ne kamar allura. Yana shiga can ciki ya bar ƙwayoyin cuta, bakin raunin kuma ya rufe da wuri. Shi ya sa cizon da ka raina da safe kan wayi gari hannu ya kumbura ya yi ja. Ga mai ciwon suga, da tsoho, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, irin wannan cizo yana iya kaiwa ga kwanciya a asibiti.

Ta uku ita ce babba. Wanda ya sha wuya sau ɗaya wajen kai karensa allura, aka yi ta kokawa har aka ji wa wani rauni, da wuya ya sake komawa. Daga nan rigakafi ya tsaya. Zan dawo kan wannan a gaba.

Abin da maganin ke yi, da abin da ba ya yi

Firegabalin da ɗan'uwansa gabafentin suna aiki ne a bakin jijiyoyi. Suna rage shigar sinadarin kalsiyam cikin jijiya, wanda hakan ke rage sakin saƙonnin da ke zaburar da ƙwaƙwalwa. Jijiyar da ke ta kai ƙara babu dalili sai ta lafa. Da wannan hanya ɗaya suke rage zugi, su rage farfaɗiya, su rage fargaba. A Turai ma likitoci suna rubuta firegabalin ga mutane masu ciwon yawan fargaba.

Likitocin dabbobi sun daɗe suna aro daga magungunan mutane. A 2017 aka wallafa wani bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Debis, inda aka gwada gabafentin a kan kyanwoyi 20, ana ba su minti 90 kafin tafiya. Masu kyanwoyin sun ga raguwar firgici, likitoci kuma sun fi samun sauƙin duba su. Karnuka kuwa an fi ba su tirazodon, wanda asalinsa maganin ciwon damuwa ne na mutane. Abin da ya bambanta Bonqat shi ne an auna shi musamman don kyanwa, an gwada shi a kanta, aka kuma yi masa rajista da sunanta.

To amma a duba sakamakon da idon basira. A gwajin da FDA ta dogara da shi, kyanwoyin da suka natsu sosai a hanya da kuma gaban likita sun ɗan haura rabi cikin waɗanda aka ba maganin. Cikin waɗanda aka ba ruwan da babu magani a ciki, kusan kashi ɗaya cikin uku ma sun natsu. Ma'ana maganin yana taimakawa, amma kusan rabin waɗanda suka sha bai kai su inda ake so ba. Yana kuma da nasa illolin: barci, kasala da tangaɗi wajen tafiya.

Akwai wani bambanci da ya kamata ka riƙe. Kwantar da jiki daban, cire tsoro daban. Wasu magungunan suna kashe wa dabba jiki ta kasa motsi, amma tana ji tana gani, tsoron yana nan daram. Mai ita zai ce an samu sauƙi, ita kuwa za ta tuna, zuwa na gaba ya fi na baya wahala. Zaɓen wanda ya dace aikin likitan dabbobi ne, bayan ya auna nauyinta ya san shekarunta da lafiyar ƙodarta.

Haɗari na farko: daga durowarka zuwa bakin dabba

A Amurka ba a sayar da Bonqat sai da takardar likitan dabbobi. Mu kuwa kowa ya san yadda ake sayen magani a yawancin unguwanninmu: ka faɗi suna, a miƙo maka. A nan labarin yake iya zama masifa. Mutum zai ji cewa firegabalin yana kwantar wa kyanwa da hankali, ya tuna akwai ragowar na Baba a ɗaki, ya buɗe ƙwaya ɗaya ya zuba mata a madara.

Mu yi lissafi. Ma'aunin Bonqat miligiram 5 ne ga kowane kilo na nauyin kyanwa, wato mai kilo 4 za ta sha miligiram 20. Ƙwayar da aka fi ba mutane miligiram 75 ce, kusan ninki huɗu ke nan. Mai miligiram 300 kuwa ninki 15 ce. Sannan ƙoda ce ke fitar da wannan magani daga jiki, ciwon ƙoda kuma ya yi yawa a tsofaffin kyanwoyi ba tare da mai su ya sani ba. Na kawo lissafin ne don ka ga girman ratar, ba don ka riƙa gutsura ƙwaya da wuƙa ba.

Sauran magungunan da ke gidanka ma sun fi wannan haɗari:

- Farasitamol, irin su Panadol. Hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin da ke sarrafa shi. Ƙwaya ɗaya ta miligiram 500 tana iya kashe ta. Jininta ya kasa ɗaukar iska, dasashinta ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara.
- Ibufirofen da dikilofenak. Suna jawo gyambon ciki da mutuwar ƙoda ga kare da kyanwa.
- Diyazefam, wato Valium. Ba wa kyanwa shi ta baki ya sha jawo lalacewar hanta farat ɗaya.
- Gabafentin na ruwa da aka yi don mutane. Wasu nau'o'insa suna ɗauke da abin zaƙi mai suna zailitol, wanda ke faɗar da sugan kare ya kuma lalata masa hanta.

Dabba ba ƙaramin mutum ba ce. Abin da hantarka ke narkarwa cikin sa'o'i yana iya zama guba a jikinta. Garin neman gira kada a rasa ido.

Haɗari na biyu: daga kwalbar dabba zuwa bakin mutum

Hanyar tana da dawowa. FDA ta bayyana cewa Bonqat yana cikin magungunan da doka ke sa wa ido saboda mutane na iya shan sa don maye. Ta kuma gargaɗi mai ɗurawa ya kiyaye kada ya taɓa masa ido, baki ko fata, domin yana sa jiri, barci da dishi-dishin gani.

Wannan tsoro yana da tushe. A watan Afrilun 2019 Birtaniya ta mayar da firegabalin da gabafentin cikin magungunan da ake tsananta dokar rubuta su, bayan ƙaruwar mace-macen da aka danganta da su. A Disambar wannan shekara FDA ta yi gargaɗin cewa suna iya danne numfashi, musamman ga tsofaffi, da masu ciwon huhu, da wanda ya haɗa su da magunguna dangin tiramadol da kodin. Amurka ta kuma ga yadda maganin dabbobi zalla ke shiga kasuwar maye: a Afrilun 2023 gwamnatinta ta ayyana haɗin fentanil da zailazin, wanda ake kwantar da dawaki da shanu da shi, a matsayin sabuwar barazana ga ƙasa.

Mu ma ba mu tsira ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. Miliyan 4.6 daga ciki magungunan asibiti masu kashe zafi suka sha ba bisa ƙa'ida ba. An hana maganin tari mai kodin a 2018, amma idan aka toshe ƙofa ɗaya masu sha sukan nemi wata, kuma firegabalin yana cikin ƙwayoyin da hukumar NDLEA ke sanar da kamawa.

Saboda haka idan akwai wannan magani a gidanka, naka ne ko na dabba, ka kulle shi. Ka san adadin da ya rage. Kada yaro ya zama shi ke ɗura wa dabba, mai juna biyu ma ta bar wa wani. Idan kai ne mai shan sa bisa umarnin likita, kada wannan bayani ya sa ka daina rana ɗaya. Dainawa farat ɗaya tana kawo rashin barci, gumi da fargaba, mai farfaɗiya kuma tana iya tayar masa da ita. A hankali ake rage shi, tare da likitanka.

Dalilin da ya sa dole dabbar ta je asibiti

Wani zai ce to a bar ta a gida mana, a huta da maganin da tsoron gaba ɗaya. Nan ne abin ya shafi ran ɗanka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare tana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samun ta, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kyanwa ma tana ɗauka tana yaɗawa. Da zarar alamu sun bayyana, irin su tsoron ruwa da ruɗewa, kusan babu mai tashi. Amma idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi, cutar tana daina yawo a tsakaninsu. A kan wannan aka gina burin duniya na kawo ƙarshen mutuwar mutane ta hanyar cizon kare nan da 2030.

Karen gadi, karen farauta, karen makiyayi, da kyanwar da ke kama ɓera a rumbu, duk suna buƙatar wannan allura tun suna wata uku, a kuma riƙa maimaitawa yadda likitan dabbobi ya tsara. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa tun 1924, tana cikin masu haɗa rigakafin. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri, ga kuma asibitocin dabbobi na jihohi. Duk ranar 28 ga Satumba ake tunawa da wannan cuta a duniya, kuma a lokacin wasu wurare kan yi allurar kyauta.

Idan tsoro ne ke hana dabbarka zuwa wurin allura, to magance tsoron wani ɓangare ne na kare iyalinka. Ta wannan fuska nake ganin amincewa da Bonqat ci gaba ne, ko da kuwa an yi shi ne don kasuwar masu hali. Ya tabbatar da cewa a daina ɗaukar kokawa da danniya a matsayin hanyar da ta rage.

Kafin a kai ga magani

Yawancin dabbobi ba sa buƙatar ƙwaya idan aka bi da su a hankali.

- Kada ka saka kyanwa a buhu. Ka nemi keji, kwando mai murfi ko kwali mai ƙarfi da aka huda. Ka ajiye shi a buɗe a gida kwanaki kafin tafiya, da tsumman da ta saba kwanciya a kai da ɗan abinci, har ta riƙa shiga da kanta.
- A hanya ka lulluɓe kejin da zane mara nauyi, ka riƙe shi daga ƙasa don kada ya riƙa lilo.
- Ka tafi da sassafe kafin rana ta yi zafi. Kare da haki yake fitar da zafin jikinsa, kuma rufaffiyar mota tana iya kashe shi cikin ɗan lokaci.
- Ka saba wa kare da takunkumi tun a gida, kana haɗawa da abin da yake so ya ci. Kada ranar allura ta zama ranar da ya fara ganin sa.
- A wurin jira ka nisanta kyanwa da karnuka.
- Kada a daki dabbar da ta firgita, kada kuma a ba yaro ya riƙe ta.
- Ka tambaya ko likitan zai iya zuwa gida. Da yawa suna yi.

Idan duk wannan bai wadatar ba, ka je wurin likitan dabbobi kai kaɗai tukuna. Ka gaya masa nauyin dabbar, shekarunta, ko tana da ciki ko shayarwa, da duk maganin da take sha. Ka tambaye shi lokacin bayarwa, domin irin waɗannan magunguna suna bukatar kimanin sa'a ɗaya da rabi kafin su kama, kuma ba su da amfani sosai idan an bari firgici ya riga ya tashi. Likitoci da yawa sukan so a gwada sau ɗaya a gida kafin ranar. Bayan an dawo, a tsare ta a ɗaki har tangaɗin ya wuce, nesa da katanga, rijiya da titi.

Idan an riga an yi cizo ko yaƙushi

Ka wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15. Ka duba agogo, domin minti 15 ya fi yadda kake zato tsawo. Kada a zuba toka, barkono ko ƙasa, kada a ƙona gashin karen a shafa. Ka je asibiti a ranar, ko da raunin ƙarami ne, ko da dabbar gida ce. Likita zai duba ko ana buƙatar allurar haukan kare, ta sarƙe-haƙora, da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ka tafi da katin rigakafin dabbar idan akwai. A tsare ta a sa mata ido kwana 10, amma idan likita ya ce a fara allura, kada a jira kwanakin su cika.

Idan kuma yaro ne ya sha maganin dabba, ko babba ya haɗa firegabalin da tiramadol ko barasa ka ga barci mai nauyi da numfashi sama-sama, ka kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa madara ko manja, a garzaya asibiti da shi tare da kwalin maganin.

Yau da ka koma gida, ka buɗe inda kuke ajiye magunguna. Ka ware na mutane gefe, na dabbobi gefe, ka sa musu makulli. Sannan ka tambayi kanka yaushe rabon da a yi wa karen gidanku ko kyanwarku allura. Idan ka kasa tunawa, lokacin ya riga ya yi.